Kacalar da ta Cinye Fadamun Haɗejiya: Tsohuwar Ciyawa ce ko Ruwa-Biyu?

Wani malamin gona da ke aiki a yankin Guri da Kirikasamma ya aiko da wannan tambaya: "Manoma da masunta a wurinmu suna cewa kacalar yanzu ba irin ta da ba ce, wai tun da aka gina dam ta yi barbara da wata ciyawar waje, shi ya sa wuta ba ta kashe ta, magani ma ba ya kama ta. Na kuma ji cewa a Amurka an samu kacala ruwa-biyu. Shin tamu ma haka take? Kuma ta yaya gina dam zai sa tsiro ya sauya halittarsa?"

Malam, abin da ka ji game da Amurka gaskiya ne, abin da manomanka suke gani da idonsu ma gaskiya ne, amma ba igiya ɗaya ce ta ɗaure su ba. Zan fara da ta gida.

Kacalar da ta toshe hanyoyin ruwa daga Auyo har zuwa Nguru, masana tsirrai sun san ta da sunan Typha domingensis, a tsofaffin rubuce-rubuce kuma za ka ga an kira ta Typha australis. 'Yar gida ce. Tana bakin Tafkin Chadi, tana kogin Senegal, tana gaɓar Nilu, haka kuma tana ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka. Tun kafin a yi tunanin dam mutanen fadama sun san ta, suna saƙa tabarma da ita, suna yin jinka. Sai dai a wancan zamanin tana da iyaka, kuma rani ne ya shata mata iyakar. Kogin Haɗejiya yakan cika ya batse a watan Agusta da Satumba, ya malale fadama, sannan ya ja da baya, a tsakiyar rani wurare da yawa sai yashi. Kacala ba ta jure wa ƙasa ta bushe ta tsattsage na tsawon watanni, don haka sai ta maƙale a gefen tafkunan da ba sa ƙafewa. Sauran fili na burugu ne da roba da bado da shinkafar manoma.

An kammala dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa a 1992, ga kuma madatsar da ke kusa da Auyo wadda ke ba filayen noman rani na kwarin Haɗejiya ruwa. Tiga da Challawa su ke riƙe da mafi yawan ruwan da ke shiga kogin. Abu biyu suka faru a tare. Ambaliyar damina mai ƙarfi, wadda ke wanke hanyoyin ruwa ta kwashe laka, ta ragu. Da rani kuma ana sako ruwa domin famfunan Kano da gonakin Kadawa da Kura da Auyo, saura ya gangaro, kogin da ya saba bushewa ya koma mai gudu a hankali shekara zagaye, ba zurfi, ga ragowar takin zamani da ya wanko daga gonaki. Da wani zai zauna ya tsara wa kacala gida da gangan, da bai wuce haka ba. Tana son ruwan da bai fi mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, mai kwanciya, mai abinci. Zangarniya guda tana iya fitar da 'ya'ya fiye da 100,000, kowanne da audugarsa da iska ke ɗauka, su tsira a kan jiƙaƙƙiyar laka da rana ke haskawa. Da ta kafu kuma ba ta ƙara bukatar iri, saiwarta ce ke tafiya a ƙarƙashin laka tana huda sababbin kai.

Daga nan ita ke ƙara wa kanta fili. Inda ta yi duhu ruwa na rage gudu, laka ta kwanta, hanya ta cike, ruwa ya nemi wata mafita ya malale gona, gonar ta zama sabon mazauninta. Haka tsohon kogin Haɗejiya da Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata ya bi hanyar ruwa ta Marma ya nufi tafkin Nguru, mutanen wannan ɓangare suna kuka da ambaliya, na ƙasa wajen Gashuwa suna kuka da ƙarancin ruwa. Jan-baki ya samu wurin kwana, sauro da katantanwar da ke ɗauke da tsargiya suka samu inuwa. Duk wannan ka fi ni saninsa.

Batun cewa wuta ba ta kashe ta, da ma can ba ta taɓa kashe ta a cikin ruwa ba. Ran kacala yana cikin saiwa, inda ta tara abinci, wuta kuwa busasshen ganye take ci ta bar toka, tokar ta zama taki, rana ta samu hanyar isa ga laka, sai sabon toho ya fi na da kyau. A da, wutar tana haɗuwa da busasshiyar ƙasa da kofaton shanu, shi ya sa ake ganin tana aiki. Abin da ke kashe kacala shi ne a hana saiwar numfashi. Ganyenta da karanta cike suke da 'yan kofofin iska da ke kai iska ƙasa, har busasshen kara ma yana wannan aikin. In aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kututturen ya zauna a nutse, aka maimaita sau biyu ko uku kafin sabon ganye ya daɗe a sama, saiwar takan shaƙe ta ruɓe. Wanda ya yanke ta a saman ruwa aski kawai ya yi mata.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa ruwa ne ya sauya ita ce, wannan nau'in dai ya yi irin wannan ɓarna a wasu wurare da ba su da alaƙa da mu sai ta hanyar dam da taki. A kogin Senegal an gama dam ɗin Diama a 1986 domin hana ruwan gishiri na teku hawowa. Ruwan bayan dam ya zama mai daɗi, mai tsayuwa wuri guda, cikin 'yan shekaru kacala ta rufe gaɓar Senegal da ta Muritaniya, har yau suna fama, har ta kai ana yin gawayi da ita a garin Rosso na Muritaniya. A fadamar Everglades ta jihar Florida a Amurka ma ita ce, kuma can ma 'yar gida ce. Fadamar ba ta da sinadarin fosfaras sosai, wato P ɗin da ke cikin NPK, kuma ciyawar da ta mamaye ta ta saba da wannan yunwar. Da aka haƙa magudanai aka riƙa zubo ruwan gonakin rake mai ɗauke da taki, sai kacala ta kori ciyawar asali daga bakin magudanan zuwa ciki. Wurare uku, tsohuwar ciyawa ɗaya, babu barbara a cikin labarin. Saboda haka duk wanda ya ce tamu ruwa-biyu ce, shi ke da nauyin kawo shaidar gwajin ƙwayoyin gado, domin sauyin ruwa kaɗai ya isa ya bayyana abin da ake gani.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu, wanda ya fi faɗi. Idan masanin tsirrai ya ce tsiro yana sauya halitta, abin da yake nufi shi ne halayen da ake gada suna sauya yawa a cikin jama'ar tsiron daga zuriya zuwa zuriya: masu halin da ya dace da wurin su yawaita, marasa shi su ragu. Dam ba ya shiga cikin tsiro ya canza masa gado. Abin da yake yi shi ne ya canza wanda zai haɗu da wa, da kuma wanda zai rayu bayan an haɗu.

Kafin a samu ruwa-biyu sai nau'i biyu masu kusancin dangantaka sun tsaya kusa da juna, sun yi fure lokaci guda, bununin ɗaya ya sauka kan ɗayan ya kama. Wannan yana faruwa fiye da yadda mutane ke zato. Inda gizo ke saƙar shi ne mataki na gaba, wato ɗan da aka haifa ya samu wurin zama. A dajin da ba a taɓa ba, kowane iyaye ya fi ɗan iya zama a nasa wurin, mai son zurfi yana zurfi, mai son gefe yana gefe, ɗan da ya ɗauko rabi nan rabi can sai a danne shi tun yana ƙarami. Wani masani Ba'amurke, Edgar Anderson, ya yi bayanin wannan a 1948, yana kafa hujja da wasu furanni biyu na fadamun jihar Luwiziyana. Ɗaya yana son inuwa a bakin rafi, ɗaya yana son buɗaɗɗiyar fadama mai ruwa, kuma an fi samun tarin 'ya'yansu ruwa-biyu a inda manoma suka sare itatuwa, suka haƙa lambatu, shanu suka tattake. Ra'ayinsa shi ne sai mutum ya cakuɗa mazaunin tukuna sannan cakuɗaɗɗen tsiro ke samun gindin zama. Dam da magudana da gefen titi da ramin da aka ɗebi ƙasa duk irin wannan mazauni ne, ba rafi ba, ba tafki ba, ba tudu ba.

Tsirran ruwa kuma suna da wata dama da na tudu da yawa ba su da ita. Kai malamin gona ne, ka san abin da ya sa kake hana manomi sake shuka 'ya'yan masarar da kamfani ya haɗa: zuriyar farko ita ce mai ƙarfi, a ta biyu halayen sai su warwatse. To kacala da ire-irenta ba sa bukatar zuriya ta biyu. Tsiro guda da ya dace da haɗi mai kyau zai iya shimfiɗa kansa ta saiwa ko ta gutsuren kara, shekara da shekaru, da ƙarfinsa na farko bai ragu ba, ko da kuwa ba ya iya yin iri ko ɗaya.

Kacalar Amurka da ka ji labari sunanta Typha × glauca, alamar × ɗin ita ke nuna ruwa-biyu ce. Iyayenta biyu: Typha latifolia mai faɗin ganye, wadda 'yar asalin can ce kuma ta fi son gefe mara zurfi, da Typha angustifolia mai siririn ganye, wadda ake kyautata zaton daga Turai ta je, tana jure zurfi da ɗan gishiri. Mai siririn ganyen ta bi magudanan gefen titi da na layin dogo ta shiga cikin ƙasa, gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara ma ya taimake ta. Inda suka haɗu, yawanci mai siririn ganye ce uwa, mai faɗin ganye ya ba da bununi. 'Yar ta fi su tsawo, tana zama a zurfin da kowannensu ke zama, tana cin taki fiye da su, kuma tana tara matattun ganye masu kauri da ke hana kowace irin ciyawa tsira a ƙarƙashinta. A yankin manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, akwai fadamu da yawa da ita ce mafi rinjaye, iyayen sun zama 'yan tsiraru. An daɗe ana ɗaukar ta juya, sai gwajin ƙwayoyin gado ya nuna tana haihuwa, tana komawa ta yi barbara da iyayenta da 'yan'uwanta, har ya zama da ido ba ka iya rantsewa wace ce wace.

Ga inda labarinsu ya taɓa namu. An gama dam ɗin Moses-Saunders a kan kogin St. Lawrence a 1958, daga wajen 1960 aka fara sarrafa tsayin ruwan tafkin Ontariyo domin jiragen ruwa da wutar lantarki da masu gidaje a bakin ruwa. Aka rage masa hawa da sauka. Shekarun ƙarancin ruwa da kan busar da gefen fadama su kashe kacala suka ɓace, hotunan da aka ɗauka daga sama na shekaru da dama kuma suka nuna kacala tana hawa tana cinye filin ƙananan ciyayin gefe. Ya kai ga ƙasashen biyu sun sake tsarin sakin ruwa, sabon ya fara aiki a 2017, kuma ɗaya daga manufofinsa shi ne a mayar wa tafkin wani abu na hawa da saukarsa na asali. Ka ga har a inda aka tabbatar da ruwa-biyu, maganar ta koma kan ƙofar dam. Wani abin lura kuma, waɗannan iyaye biyu suna zaune tare a Turai tun fil azal, an ma san ruwa-biyunsu a can tun ƙarni na 19, amma ba ta zama annoba ba. Haɗuwar jini kaɗai ba ta isa ba.

Misalin da ya kai har ga haihuwar sabon nau'i a gaban idon mutane yana gaɓar tekun kudancin Ingila. Akwai wata ciyawar laka mai gishiri ta can, Spartina maritima. Wajen 1829 aka fara ganin 'yar'uwarta ta Amurka, Spartina alterniflora, kusa da tashar jiragen ruwa ta Southampton, ana zaton jirage ne suka kawo ta. A 1870 aka tsinci ruwa-biyunsu a garin Hythe da ke nan kusa, mai ƙarfi amma juya. Dalilin juyancin yana cikin ƙunshin gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta, abin da ake kira kuromosom. Kafin tsiro ya yi bununi mai rai sai kuromosom ɗinsa sun jeru biyu-biyu, kowanne da abokinsa. Ta Ingila tana da 60, ta Amurka 62, kuma waɗanda 'yar ta gada daga ɓangarorin biyu ba su dace da juna yadda za su jeru ba. Ta zauna haka tana yaɗuwa da saiwa kusan shekara ashirin. Wajen 1890 sai a jikin wata daga cikinsu adadin ya ninka, ya koma tsakanin 120 da 124, kowane kuromosom ya samu abokinsa, tsiron ya fara yin iri mai tsira. Ba ta kuma iya haihuwa yadda ya kamata da iyayenta, saboda adadi ya bambanta. Ita ce Spartina anglica, nau'in da babu shi a duniya kafin zamanin jiragen tururi. Tana kama laka ta mayar da bakin teku tudu, don haka mutane da kansu suka kwashe ta suka dasa a Holan da Ostareliya da New Zealand, Sin ma ta karɓa a 1963. Yawancin waɗannan wurare daga baya sun koma kashe kuɗi wajen cire ta.

Uwar nan ta Amurka, wato Spartina alterniflora, ta sake yin irin wannan a gida. A shekarun 1970 injiniyoyin gwamnati suka ɗauko ta daga gaɓar gabas suka dasa a mashigin tekun San Francisco domin gyara fadama. Ta yi barbara da ta wurin, Spartina foliosa, 'ya'yan kuma masu haihuwa ne, suna zubar da bununi mai yawa har ta asalin ta koma haifar ruwa-biyu maimakon irin kanta. Nau'i yana iya ƙarewa ta wannan hanya ba tare da an kashe ko tsiro ɗaya ba. Da aka tashi kawar da su a shekarun 2000, sai aka tarar wani tsuntsun fadama da ke gab da ƙarewa ya koma yin sheƙa a cikinsu, dole aka sassauta aikin a wasu wurare.

Maganar magani ita ce ta fi damuna a cikin wasiƙarka, domin a nan ne mutum ke zaɓen iri ba tare da ya sani ba. A tafkunan arewacin Amurka akwai wata ciyawa mai nutsewa da ta zo daga Turai da Asiya, Myriophyllum spicatum, wadda ta yi barbara da 'yar'uwarta ta gida, aka tabbatar da haka da gwajin gado a 2002. Shekaru ana zuba mata maganin ciyawa na 2,4-D, wannan dai da manoman shinkafa suka sani. Binciken da aka yi a wasu tafkuna na jihohin Michigan da Wisconsin ya nuna ruwa-biyun sun fi saurin girma, maganin bai cika kama su ba, kuma an fi samun su a tafkunan da aka daɗe ana fesawa. Maganin yana share musu abokan takara ne. A Florida kuma akwai wata ciyawar ruwa mai suna Hydrilla, wadda masu sayar da kifin ado suka shigo da ita a shekarun 1950. Mace ce kawai aka kai, ba ta yin iri, don haka masana suka ɗauka ba ta da hanyar koyon jure wa magani. Aka yi ta zuba mata wani magani guda mai suna fluridone shekara da shekaru. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 ya daina aiki a manyan tafkuna, da aka bincika sai aka ga ɗan sauyi ya auku a wuri guda cikin gadonta, a jikin reshe mai girma, kuma ya auku fiye da sau ɗaya a tafkuna daban-daban. Reshen da ya dace da sauyin shi ya tsira ya cika tafkin. Idan manomanka sun ce maganin ciyawa na glyphosate ba ya kama kacala, abin da zan fara dubawa shi ne ingancin maganin, da yawan ruwan da aka sirka, da lokacin feshi, domin yana sauka cikin saiwa sosai ne bayan ta yi fure, ganyen kuma yana da santsi. Amma fesa magani guda, rabi-rabi, kowace shekara, a kan tsiro mai 'ya'ya dubu ɗari a zangarniya, ita ce hanyar da ake bi a ƙirƙiro mai jurewa. Ban da haka ma, ruwan nan shi mutane da dabbobi ke sha.

Kada kuma a ɗauka duk ciyawar da ta gagara sai da ta sauya. Baƙuwar kainuwar nan mai fure shuɗi-shuɗi, wadda ta fito daga yankin Amazon ta bayyana a Legas a 1984, ta kuma addabi kogin Kwara har Yamai, gwaji ya nuna mafi yawan wadda ta bazu a duniya kusan tsiro guda ne da ke ta maimaita kansa. Salvinia molesta ma, wata ciyawa mai yawo a kan ruwa wadda ta rufe wani babban yanki na tafkin Kariba jim kaɗan bayan an tare kogin Zambezi a ƙarshen 1958, ba ta haihuwa sam.

In kana neman inda barbara ke da haɗari na gaske a fadamunmu, ka bar kacala ka dubi shinkafa. Shinkafa ma tsiron fadama ce, kuma mu ne muka tara dangi huɗu a fili guda. Akwai shinkafar Afirka, Oryza glaberrima, wadda aka hore ta a Afirka ta Yamma kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Akwai uwarta ta daji, Oryza barthii, mai shekara ɗaya, mai zubar da ƙwaya da zarar ta nuna. Akwai Oryza longistaminata, ta daji mai saiwa mai tafiya, wadda ta zama ƙarfen ƙafa a manyan filayen ban-ruwa na Mali da arewacin Kamaru da kwarin Senegal. Sannan ga shinkafar Asiya, Oryza sativa, wadda ita ce mafi yawan irin FARO da ake nomawa a Najeriya. Ta Afirka da uwarta ta daji suna barbara cikin sauƙi, 'ya'yansu su fito da kamannin shinkafar gona amma su zubar da ƙwaya kafin girbi, ƙwayar ta kwanta a ƙasa ta jira baɗi. Tsakanin ta Afirka da ta Asiya akwai katanga, zuriyar farko kusan duk ƙaiƙayi take yi. Sai da Monty Jones, ɗan Saliyo, da abokan aikinsa suka sha wahala a shekarun 1990 kafin su tsallake ta su fitar da irin shinkafar da ake kira NERICA, aikin da ya ba shi kyautar abinci ta duniya a 2004. Duk da haka an samu irin wannan haɗi da ya auku da kansa a gonakin manoma a Saliyo da Gini Bisau da Gambiya, inda ake shuka nau'o'in biyu a cakuɗe, manoman suka zaɓe shi suka riƙe. Ita kuma ta daji mai saiwar, wato Oryza longistaminata, masu bincike a lardin Yunnan na Sin sun haɗa wata da aka samo daga Afirka ta Yamma da shinkafar Asiya, suka fitar da shinkafar da ake girba shekaru ba a sake shuka ba, aka sake ta ga manoma a 2018. Ciyawar da muke zagi ita wasu suka mayar jari.

Shinkafa yawanci kanta take yi wa barbara, abin da ke tsallakawa daga wani tsiro zuwa wani kaɗan ne ƙwarai. Amma ka lissafa zangarniya nawa ce a hekta dubu. Noman ban-ruwa kuma ya cire tazarar da ke tsakani: a da shinkafa sau ɗaya take fure a shekara, yanzu ta damina na bin ta rani, magudana ba ta bushewa, ta daji tana tsaye a bakin kunya tana jira. A kudancin Amurka an saki shinkafar Clearfield wajen 2002, wadda aka yi ta domin ta jure wani magani da ke kashe jar shinkafar da ke zame musu ciyawa. Cikin 'yan shekaru halin jurewar ya bi bununi ya shiga jar shinkafar, maganin ya rasa amfani a gonaki da yawa. Duk ranar da irin wannan iri ya iso Kura ko Auyo, wannan darasin zai biyo shi. Ko hannun mai cire ciyawa ma yana zaɓe. A gonakin shinkafa na Asiya akwai dangin burugu da roba da suka koma kama da shinkafa sak lokacin da suke ƙanana, tsayuwar ganye da launi duka, saboda ƙarni bayan ƙarni ana tuge wanda aka gane ana barin wanda ya saje.

Idan kana so ka duba kacalar yankinka da kanka, jira ta fitar da zangarniya. Furen namiji yana sama, na mace, wato mai kama da gero, yana ƙasa. A tamu akwai tazara ta ɗan tsiraran kara tsakaninsu, zangarniyar tana da launin ƙasa mai haske, ganyen bai cika wuce faɗin yatsa ba, kuma in ka ɓare gindin ganye za ka ga ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa masu yauƙi a ciki suna hawa har kan ganyen. Mai faɗin ganye ta ƙasashen sanyi ba ta da wannan tazara, zangarniyarta kuma ta fi duhu da kauri. A madubin ƙara girma, bununin mai faɗin ganye yana fita a manne huɗu-huɗu, na tamu ɗaya-ɗaya, na ruwa-biyu kuwa a cakuɗe, wani ɗaya, wani biyu, wani uku, wani huɗu, da yawa kuma fanko. In ka ci karo da wani gungu da ya bambanta da na kewayensa, ka yanko tsiro guda da zangarniyarsa da gindin ganyensa, ka danne shi a tsakanin takardun jarida ya bushe, ka rubuta wuri da rana da zurfin ruwan, ka kuma ɗebi ɗanyen ganye kamar tsawon yatsa ka busar da shi da sauri a inuwa cikin ambulan, ba leda ba. Ka ɗauko daga wurare masu nisa da juna, domin gungu guda mai faɗin fili yana iya zama tsiro ɗaya tak. Sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana da ma'ajiyar busassun tsirrai da za a gwada naka da na da, busasshen ganyen kuma shi ake bukata in za a yi gwajin gado.